Jijiyoyin jini sun shiga baƙin idon Babana bayan gyambo, kuma ina ganin ni na jawo

Assalamu alaikum. Ina rubutowa ne daga wani ƙauye kusa da Gadarif a ƙasar Sudan. Mahaifina manomi ne, shekararsa 61. Lokacin yankan dawa, cikin Disamba, ganye ya shafce shi a idon dama. Washegari idon ya yi ja yana ta hawaye, sai na je saidaliyya, wato kantin magani, aka ba ni wata gatra, wato maganin ɗigawa a ido, ni na saya, ni nake ɗiga masa. Cikin kwana huɗu jan ya ragu, muka yi murna. Bayan kwana goma sai fari ya fito a tsakiyar baƙin idon, ciwo ya hana shi barci. Da muka kai shi wurin likitan ido, ya karanta kwalbar ya ce akwai kortizon a ciki, wato wani maganin kwantar da kumburi, kuma shi ya ba cutar damar cin idon, don fumfuna ce ta shiga. An yi mako bakwai ana magani, gyambon ya rufe. Yanzu wata huɗu ke nan, farin yana nan, ga wasu siraran jijiyoyi jajaye sun taso daga gefe suna nufar tsakiya. Likita ya ce dashen sabuwar fatar baƙin ido ba yanzu ba, a jira aƙalla wata shida. Yayana da ke Jidda ya ce jan rai ne kawai, mu sayar da ridi ya cika sauran a kai Baba Masar. Baffanmu ya ce a kira mai sidiya. Baba ya daina fita majalisa, ba ya magana sosai. Ban gaya wa kowa abin da likita ya ce game da gatrar ba, abin yana cina. Shin jijiyoyin nan daji ne? Za su tsallaka ɗaya idon? Wa zan bi?

Wani ɗan'uwa, daga yankin Gadarif

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da shi. Bari in fara sauke maka abin da ya fi tsorata ka: yadda ka siffanta su, jijiyoyin nan ba ciwon daji ba ne, kuma ba sa tsallakawa daga ido zuwa ido. Abu ne da aka saba gani bayan gyambo mai zurfi ya daɗe a baƙin ido. Suna da illa, zan yi maka bayaninta, amma sawun yaƙin da jikin Baba ya yi da cutar ne.

Abin da muke kira baƙin ido, a gabansa akwai wata fata garau kamar gilashin agogo, wadda likitocinku ke cewa ƙarniyya. Faɗinta kamar milimita 11 zuwa 12, kaurinta a tsakiya kusan rabin milimita, amma ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske a ido. Allah ya halicce ta babu jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa take garau. Iska take shaƙa ta cikin hawaye, abincinta kuma daga ruwan da ke bayanta. Idan cuta ta zauna a cikinta makonni, naman da ya ji rauni yakan fitar da wasu sinadarai masu kiran jini, wanda aka fi sani shi ne VEGF. Sai jijiyoyin da ke kan iyakar fari da baƙi su amsa kira, su fara tsiro suna kutsawa, suna ɗauke da ƙwayoyin garkuwar jiki zuwa inda gyambon yake. A ciwo irin na Baba sun taimaka wajen rufe ramin. Matsalar ita ce idan aiki ya ƙare ba sa tattara kayansu su koma. Bangonsu ba shi da ƙwari, suna yoyo: ruwa ya kumbura ƙarniyyar, kitse mai ruwan ɗorawa ya taru a bakinsu, hakiyar ta ƙara kauri. Wasu daga baya jini yakan daina bi ta cikinsu su dushe, su zama kamar farin zare, amma hanyar tana nan, kuma da kumburi ya dawo sai su sake cika.

A nan ne dalilin likita yake, kuma ina ganin yana kan daidai. Dashen ƙarniyya ya fi kowane dashe karɓuwa a jiki saboda garkuwar jiki ba ta da hanyar isa wurin cikin sauƙi. A idon da babu jijiyoyi, kusan 9 cikin 10 na dashe kan zauna lafiya shekaru. Amma idan jijiyoyi sun shiga, hanya ta buɗe. Likitoci kan raba baƙin ido gida huɗu kamar an yanka gurasa, idan jijiyoyi masu zurfi sun kama gida biyu ko fiye, sai su sa idon cikin masu babban haɗari, domin a irinsa jiki ya fi saurin gane baƙuwar fata ya far mata. Ƙari a kan haka, fumfuna maƙaryaciyar warkewa ce, zarenta kan ɓuya a can ƙasan nama. Bayan dashe dole a yi ta ɗiga kortizon wata da watanni, to idan da sauran fumfuna a raye, an ba ta abinci ke nan a cikin sabuwar fatar. Kuma dashe na biyu bai kai na farko samun nasara ba. Wata shidan da aka ce ku jira lokaci ne na barin ido ya huce, hakiyar ta tsaya a iya girmanta, wasu jijiyoyin su dushe. Sau da yawa ma farin yakan ɗan washe da kansa cikin watannin nan, gani ya ƙaru. Wuri ɗaya ne ake yin dashe da gaggawa: idan gyambo ya ƙi jin magani ko ƙarniyyar na shirin hujewa, nan ana yi ne don ceton ƙwayar idon. Tunda na Baba ya rufe, ba ya cikin wannan.

Jira kuma ba zama hannu rabbana ba ne. Idan kun koma asibiti, ka tafi da takarda ka rubuta amsoshin likita, don da su za ka yi wa Yayanka magana. Ka tambaye shi ko fatar saman ta rufe gaba ɗaya, ana gane wannan da wani rini mai ruwan lemo da ake sawa a duba da shuɗin haske. Ka tambayi jijiyoyin na sama ne ko masu zurfi, gida nawa suka kama cikin huɗu, kuma sun isa saitin ɗan ramin tsakiya da haske ke shiga ko da saura. A auna ƙarfin ruwan idon, wanda daidai yake tsakanin 10 zuwa 21, domin kumburi da kortizon duka suna iya ɗaga shi, kuma hawan ruwan ido yana kashe jijiyar gani shiru ba tare da ciwo ba. Idan hakiyar ta hana likita hango bayan ido, a yi hoton sauti na ido don a tabbatar can ciki lafiya, a kuma gwada ko Baba yana gane ta inda hasken tocila ke zuwa, sama, ƙasa, dama da hagu. Idan bayan idon ya lalace, sabuwar ƙarniyya ba za ta dawo da gani ba ko a ina aka dasa ta. A auna masa sukari ma, mutum mai shekara 61 da gyambonsa ya ɗauki mako bakwai ya cancanci wannan gwajin.

Su kansu jijiyoyin akwai abin da ake yi musu, gwargwadon shekarunsu, in ji masu iya magana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sabbin da ba su wuce 'yan makonni ba suna jin magani, tsofaffin da suka yi bango ba sa ji sosai. Kada ka firgita idan wata rana likitan nan da ya yi faɗa a kan kortizon shi da kansa ya rubuta kortizon. Shi ne maganin farko na kwantar da kumburin da ke kiran jijiyoyi, bambancin shi ne lokaci da sa ido: sai an tabbatar cutar ta mutu, a fara da kaɗan, wani lokaci a haɗa da maganin fumfuna, a riƙa duba idon a kai a kai, a janye shi sannu a hankali. Kusan mutum ɗaya cikin uku ruwan idonsa kan hau idan ya yi makonni yana ɗiga shi, don haka duk zuwa sai an auna. Wasu likitocin a ciwon fumfuna sun fi son cyclosporine ko tacrolimus, masu rage kumburi ba tare da sun ba fumfuna ƙofa kamar kortizon ba, in ana samunsu. Akwai allurar bevacizumab, wadda aka fi sani da Avastin, ana yin kamar miligiram 1.25 zuwa 2.5 a ƙarƙashin fatar farin ido kusa da tushen jijiyoyin, tana toshe sinadarin nan mai kiran jini. Tana rage sabbin jijiyoyi, amma aikinta na ɗan lokaci ne, akan maimaita, kuma ba a yin ta idan akwai sauran rauni a buɗe don tana jinkirta warkewa. Manyan jijiyoyi da suka ƙosa kuwa ƙona su ake yi, ko da siririyar allura da ake taɓa wa zafin lantarki, ko da hasken leza, galibi gab da dashe don a rage haɗarin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke goge hakiyar kanta. Aikinsu hana ta ƙaruwa da gyara wuri.

Kuma dashe ba shi kaɗai ne ƙofa ba. Idan tabon bai yi kauri sosai ba, wani lokaci rashin daidaiton saman ƙarniyyar ne ya fi ɓata gani, sai ƙaramin gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan ido ya gyara da yawa, ko da yake ga manomi mai aiki cikin ƙura yana da wahalar kulawa. Idan farin yana tsakiya amma gefe garau yake, akwai ƙaramin aiki na buɗe wata taga a bakin ramin tsakiya don haske ya bi ta gefen da ke da kyau. Idan kuma tabon bai kai can ƙasan ƙarniyyar ba, ana iya dasa saman kawai a bar masa shimfiɗarsa ta ciki, wanda jiki ya fi haƙuri da shi. Akwai kuma zaɓin da mutane ba sa son a faɗa, amma halal ne kuma hankali ne: idan idon hagu yana gani sosai, na dama kuma ba ya ciwo, Baba yana iya cewa a bar shi haka.

Yanzu ga Yayanka. Ka yi masa uzuri. Yana nesa, bai ga idon ba sai a hoto, abin da ke hannunsa kuɗi ne, kuma wanda ke nesa da mahaifinsa gani yake duk jinkiri sakaci ne. Ga shi tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ƙwararru da yawa sun bar Hartum, magani yana wuya, ba laifi ba ne ya yi shakkar abin da ake samu a gida. Abin da bai sani ba shi ne dashe ba aikin rana ɗaya ba ne da za a je a yi a dawo. Akan ɗinke sabuwar fatar da zare mai sirantaka fiye da gashi, sau da yawa ɗinki 16, kuma zaren kan zauna shekara ko fiye. A watannin farko ana duba ido a kai a kai, ɗigon magani ba ya yankewa ko kwana ɗaya, kuma ranar da ido ya yi ja, ko haske ya dame shi, ko gani ya ragu, ko ciwo ya taso, dole likitan ido ya gan shi cikin awa 24, don alamar jiki ya fara ƙin dashen ke nan. To wa zai duba Baba bayan kun dawo daga Alƙahira? Wannan tambayar ita za ka sa masa a gaba. Ka ba shi aikin da zai iya yi daga inda yake: ka tura masa rahoton likita da hotunan idon, ya kai wa likitan ƙarniyya a Jidda ya ji ra'ayi na biyu. Ya riƙa aiko da magungunan da aka rubuta idan sun yanke a Gadarif. Kuɗin tafiya kuma a ajiye su gefe, a fara neman biza da bincike a natse, ba a fafe gora ranar tafiya. Ridin kada a karyar da shi yanzu saboda aikin da likita mai gaskiya, ko a Masar, zai iya ce muku ku dawo bayan wata uku. Idan kuna son wani ya duba idon da hannunsa, ku nemi likitan ƙarniyya a Kasala ko Bur Sudan, ya fi kusa kuma ya fi sauƙi. In har magana ta kai ga dashe Baba ya yi ɗari-ɗari saboda daga idon mamaci ake samo fatar, ku sanar da shi cewa Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta amfani da sashen jikin mamaci da izininsa ko na magadansa.

Maganar Baffa kuwa a nan ba ni da sassauci, sai dai a faɗa masa cikin ladabi. Mai sidiya yana soka tsinke ne ya ture yanar ido, wato ƙwayar da ke can bayan ramin tsakiya idan ta yi fari. Farin Baba a gaba yake, a jikin fatar waje, ba abin da za a ture. Ko a yanar ido ta gaskiya sidiya tana makantar da mutane da yawa, balle idon da bai daɗe da tashi daga gyambo ba, fatarsa ta yi siriri. Sokawa ɗaya na iya fasa shi ko ta shigar da ƙwayar cuta ciki, a ƙare da cire idon. Haka zuma, nonon mace, ruwan albasa, kwalli, ruwan rubutu, babu wanda zai shiga idon nan. Baffa ƙanin Baba ne ko wansa, zafin abin yake ji, kuma ya ga ana ta asibiti fari bai tafi ba. Kada ka yi musu da shi a gaban mutane. Ka roƙe shi ya raka ku ganin likita, a nuna masa idon ta na'ura, ka kuma bar masa ɓangaren addu'a da tofi da sadaka, waɗannan duk ba sa taɓa ƙwayar idon.

A gida, ga abin da zai rage muku wahala. Duk kwalbar da ba wannan likitan ya rubuta ba a fitar da ita daga ɗakin, musamman mai ɗauke da dexamethasone, betamethasone ko prednisolone a jikinta. Idan ɗigo biyu ne, a bar minti biyar tsakaninsu, na shafawa ya zo ƙarshe, bakin kwalba kada ya taɓa gashin ido, kuma kwalbar da ta yi mako huɗu a buɗe a yar da ita. In an sake ba shi natamycin, wato maganin fumfuna, a girgiza sosai kafin a ɗiga don yana kwanciya a ƙasa. Wajen alwala ya rufe idon, ruwan hafir, wato tafki, kada ya shiga, a share kwantsa da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce. Ranar habub, wato guguwar ƙura, ya zauna a ɗaki. Duk Juma'a ka ɗauki hoton idon a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, ka rufe masa na hagu ka ga daga taku nawa yake ƙirga yatsunka, ka rubuta. Da haka za ku gane ko jijiyoyin suna tafiya ko sun tsaya. Abin da ba ya jiran ranar alƙawari: ciwo ya dawo, farin ya faɗaɗa, wani farin ruwa ya kwanta a ƙasan baƙin ido kamar madara a gindin kofi, ko ruwa mai ɗumi ya zubo farat ɗaya ido ya yi laushi. Idan na ƙarshen ya faru, kada a danna, kada a ɗaure da tsumma, a kifa gindin kofin roba mai tsabta a kan idon a manne da filasta, a kama hanya a ranar.

Idon hagu shi ne jarin Baba yanzu, kuma na lura duk cikin gardamar ba wanda ya ambace shi. A duba shi sosai a zuwa na gaba. A saya masa tabarau na kariya mai rufe gefe, irin na roba mai ƙarfi da ba ya fashewa, ya sa duk lokacin da zai shiga gona, ko wurin sussuka da shiƙa, ko saran itace. Duk wanda ganye ko ƙaiƙayi ya shafce a gidanku daga yau, a wanke da ruwa mai tsabta, a kai shi a duba a ranar ko washegari. Man chloramphenicol sau uku a rana na kwana uku, idan an fara da wuri, yana hana yawancin irin wannan ƙujewar zama gyambo, kuma ba shi da kortizon.

Saura abin da ke cinka. Gaskiya ce kortizon ya ƙara wa fumfunar ƙarfi, ba zan ce maka bai yi komai ba. Yana kashe ja da zafi, shi ya sa kuka ga sauƙi a kwana huɗun farko, alhali ya ɗaure hannun garkuwar ido. Amma ganyen dawa ne ya shigar da cutar, kuma gyambon fumfuna yakan bar tabo ko an fara maganin da ya dace tun ranar farko. Kai ka ga mahaifinka cikin ciwo, ka je inda ake sayar da magani, ka karɓi abin da wanda ya fi ka sani ya miƙo maka. Nauyin tambayar me ya sami idon kafin a ba da irin wannan gatra yana wuyan mai bayarwa. Kuma kai ne ka kai shi asibiti, kai ka yi mako bakwai kana ɗiga magani, wanda a farkonsa kowace awa ake yi har cikin dare. Shawarata ka faɗa wa Baba, ku biyu, bayan sallar isha'i idan gida ya yi shiru. Ka ce: “Baba, likita ya ce maganin da na fara sayo maka bai dace da ciwon ba, ya ƙara shi. Ban sani ba, ka yafe mini.” Iya nan ya isa. Faɗar tana da amfani ko ta fuskar lafiya, don kwalbar irinta tana nan a gidaje da yawa, kuma duk likitan da zai ga Baba nan gaba yana bukatar sanin an yi amfani da ita da tsawon kwanakin. Yayanka kuma ka gaya masa bayan Baba ya ji, in ya yi zafi ka ƙyale shi ya huce.

A zaman nan ka tambayi Baba abin da har yanzu ba a tambaye shi ba: shi me yake so? Shirunsa da barin majalisa na iya zama kunyar farin da ke idon, ko tsoron makanta, ko ganin ana shirin sayar da amfanin gona saboda shi. Idan kunya ce, tabarau mai ɗan duhu zai mayar da shi cikin abokansa, kuma zai rage masa damun haske. Idan tsoro ne, ya ji daga bakin likita cewa idon hagu ba ya cikin haɗari daga wannan ciwon. Mai ido ɗaya yakan yi kuskuren auna nisa a watannin farko, wajen zuba shayi ko taka dakali, to ka riƙa tafiya ta damansa idan za ku masallaci da asuba, har ya saba. Ka rubuto mana bayan kun ga likita, da amsar gida nawa jijiyoyin suka kama da abin da awon ruwan idon ya nuna.